Matar Kuberi Mai Neman Kuɗin Mota

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya ina zaune kan bencin mai shayi na ji ɗayanku yana cewa kamasho ai ba sana'a ba ce, ihu ne kawai. Wai ka tsaya bakin mota ka yi ta “Koko! Yawuri! Saura mutum ɗaya!” har ta cika, ka karɓi naka ka koma inuwa. To madalla. In dai ihu ne, ga jakin masu itace can bayan tasha, ya fi ni murya, sai a ba shi layi.

Ni Bawa, tun gemuna bai tsiro ba nake lodi a tashar Jega, yanzu ga shi ya yi fari fat. A hannun marigayi Mamman Dogo na koya, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗan tsiya, amma bai taɓa ɗaura kaya ya faɗo a hanya ba. Shi ya ce min kayan aikin ɗan kamasho uku ne: murya, da igiya, da ido. Muryar ce mafi araha.

Aikin farko da ya sa ni, kayan wata mata ne mai zuwa Maiyama: jarkar manja, buhun garin rogo, da kwandon kaji. Na ɗora su kan mota, na ja igiyar roba har jijiyar wuyana ta tashi, na sauko ina taƙama. Ya zagaya motar, ya sa yatsa ɗaya ya tura jarkar, sai ga ta ta karkata kan buhun garin. Ya ce, “Kwance.” Na kwance na sake. Ya sake turawa, ya ce, “Kwance.” Fasinjoji suna ta tsaki, direba yana danna oda, ko a jikinsa. Ranar na gane kaya mai ruwa yana tsayawa a tsaye ne a kusurwa, a tokare shi, mai nauyi ya zauna saitin taya, mai rai kuma a bar masa inda iska za ta same shi. Albasar Aliero ita ma tana da nata hali. In ka danne ta da kaya a rana tsaka, kafin a kai Kwantagora ta fara hawaye, kuma kai za a zaga.

Amma kaya ba su da wuya kamar mutane, don buhu ba ya jin kunya. Wata rana dattijuwa ta zo da wani magidanci, na nuna musu kujera ɗaya su zauna tare tunda tare suka zo. Dattijuwar ta ɗora ƙafa kan matakin mota ta tsaya cak, ta kau da kai. Ina ta “Inna, shiga mana, ana jira,” sai na ji an tankwashe min hula ta baya. Mamman Dogo ne. Ya ce, “Kai, ba ka da ido? Surukinta na!” Ya mai da ita baya, ya tura magidancin gaba, nan take ta shiga.

Daga ranar na fara karatun mutane. Malami a ba shi gidan gaba, kada ya matsu da mata. Mai ciki kusa da ƙofa. Wanda ka ga yana shan lemun tsami tun mota ba ta tashi ba, maza ka sa shi taga, in ba haka ba kai za ka wanke motar. Suruki da suruka a raba su. Uwa ta ƙauye ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da ɗanta na fari, ba ta ma kallonsa a gaban mutane. Ba wanda zai gaya maka waɗannan. Da sun doso ka za ka gani a tafiyarsu, wa ke gaba, wa ke ja da baya, wa ke kauce wa idon wa.

Wannan idon shi ne ke raba ka da masu roƙo, don tasha gidansu ce. Kowace safiya sai sun zo: an yanke min aljihu, guzuri ya ƙare, ubangidana ya gudu ya bar ni. Akwai wani mai jar hula da matarsa ke naƙuda duk ranar kasuwa. Da abin ya ishe ni na ce masa, “Malam, wagga mata taka ko akuya ai ta huta haka nan.” Ya yi dariya, ya wuce wurin fasinja na gaba ya fara daga farko.

To ya za ka yi? In ka ba kowa, gidanka za a kwana da yunwa. In ka hana kowa, wata rana za ka hana wanda da gaske aka yanke wa aljihu, kuma Allah Yana kallonka. Dokar da na gada wurin Mamman Dogo ita ce: ban sa kuɗi a hannun baƙo, kujera nake bayarwa. Ka ce min kuɗin mota ya ƙare, sai in ce ina za ka? Ga mota, shiga, ni da direba mun san yadda za mu yi. Mai gaskiya zai shiga yana sa albarka har ya ba ka kunya. Maƙaryaci kuwa sai ya tuna yana da saƙon da zai karɓo cikin kasuwa, ba za ka sake ganinsa ba sai wani makon. Ba na ce dokar ba ta taɓa cina ba. An yi wani shegen wayo da ya shiga motar Koko, yana wuce gada ya ce a sauke shi zai kama ruwa, ya dawo tasha da ƙafa ya ci gaba da sana'arsa. Amma dai ta fi raba kuɗi ido rufe, kuma da ita na tsufa.

Shekarar da man fetur ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, ita ce mafi muni a aikina. Kuɗin mota ya ninka, mutane suka daina tafiya sai dole. Sai ka buɗe lodi da hantsi, la'asar ta yi maka da mutum huɗu cikin mota suna hamma. Direbobi da yawa suka jingine motocinsu. Fasinja ya ragu, masu roƙo suka ƙaru, har ya zamana mutum ba ya iya buɗe jakarsa a tasha sai hannuwa sun kewaye shi.

Cikin wannan shekarar ta fara zuwa. Mace ce siririya, ba yarinya ba, ba kuma tsohuwa ba, da mayafi shuɗi da ya koɗe da ɗan ƙulli a kai. Ta tsaya gefena sai da na gama ɗaure buhu, sannan ta gaishe ni ta ce a taimaka mata da kuɗin mota, daga Kuberi take, Aliero za ta.

Na ce, “Baiwar Allah, ga motar Aliero nan tana lodi. Shiga, ni ka biya.”

Ta dubi motar, ta dubi ƙasa. Ta ce, “Malam, da dai an ba ni ga hannu.”

Na ce a raina, to, ga wata kuma. Na ce mata ga hannu ban da shi. Abin da ya tsaya min shi ne godiyar da ta yi. Masu sana'ar roƙo in ka hana su ko su harare ka ko su wuce kamar ba ka nan. Ita sai da ta ce Allah Ya ba da kasuwa, sannan ta matsa wurin fasinjoji tana magana ƙasa-ƙasa.

Ranar kasuwa ta zagayo, ta dawo. Maganarta ɗaya, amsata ɗaya. Ta sake dawowa, ta kuma sake. Sai na fara duban ƙafarta, don Mamman Dogo ya ce baki yana ƙarya amma ƙafa ba ta iya ba. Jar ƙura har ƙwauri, dunduniya duk faso, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure shi da waya. Mai kwana cikin garin Jega yana roƙo ba ya da irin wannan ƙafa. Na tambayi Isa, direban da ke bin layin Aliero, ko ya santa. Ya ce, “Wagga? Kullum ina wuce ta bisa hanya, wajen gonakin albasa, tana tahiya ƙasa da ƙullinta. Ta amshi kuɗin mota ta tahi da ƙahwa. In ba damfara ba mi a wannan?”

Ni dai na kasa haɗa lissafin. Ƙarya tana yi, wannan babu shakka. Amma wace irin 'yar damfara ce za ta cuci mutane sannan ta taka daga Jega zuwa Aliero cikin rana?

Ana haka aka kama wani mai bandeji a ƙafa, aka kwance aka ga ƙafar lafiya lau. Fasinjoji suka yi ca. Shugaban tasharmu na lokacin, Alhaji Ladan, ya ce abin ya isa, daga yau duk mai roƙo a fitar da shi, wanda ya dawo a miƙa shi ga hukuma. Aka fara tattaro su, sai ga matar Kuberi an tiso ta gaba zuwa rumfar shugaba. Na bar lodina na bi su.

Alhaji ya ce, “Ke, mi kika yi Aliero kullum?”

Ta ce, “Akwai wanda anka yi ma ɗori.”

Kun san Aliero da ɗori, daga ko'ina ana kawo masu karaya, su kwanta gidan mai ɗori sai ƙashi ya kama. Don haka maganar ba baƙuwa ba ce.

Ya ce, “Wane na?”

“Wani na.”

“Ba shi da suna?”

Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

“To mi ag gaminki da shi?”

Ta ce, “Mutumen garinmu na.”

Mutane suka kwashe da dariya. Isa ya matso ya ce shi ya riga ya bincika da kansa. Ya shiga gidan mai ɗorin, lallai akwai wani saurayi ɗan Kuberi, Haruna, wanda amalanken shanu ta kife da shi da buhunan albasa, cinyarsa ta karye. Ƙanin ubansa ke jinyarsa. Amma babu wata mace da ke zuwa wurinsa. Isa ya tambayi saurayin da bakinsa ko yana da wata mai ziyara, ya ce tun da aka kawo shi ko mahaifiyarsa bai sa a ido ba. Wato wannan mata ta ji labarin karayar ɗan mutane ne ta mai da shi jari.

Alhaji ya ce, “Kun ji ko? Ko sunan yaron ba ta sani ba. Ku hid da ta, kar in sake ganinta.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta sunkuya za ta ɗauki ƙullinta. Ni kuwa abin da nake kallo shi ne yadda ta ja mayafin nan lokacin da aka tambaye ta suna. Na sha ganin wannan jan mayafi a bakin mota. Wanda bai san abu ba idonsa sama yake yi yana lalube. Ita nata ƙasa ya yi.

Na ce, “Alhaji, a ba ni izini in yi mata tambaya guda.”

Ya ce, “Bawa, kai da ba ka taɓa ba ta ko sisi ba?”

Na ce, “Shi ya sa.”

Na durƙusa nesa da ita kaɗan na ce, “Baiwar Allah, kina da ɗiya?”

Ta ce tana da su.

“Hwaɗa min sunayensu.”

Nan bakinta ya buɗe. Ta ce akwai Rabi, akwai Sa'adu, akwai Nana, akwai auta Basiru.

Na ce, “Rabi ita ta babba?”

Ta sunkuyar da kai.

“Kahin Rabi fa?”

Ta juya fuskarta wajen bango, muryarta da ƙyar ta fito. Ta ce, “Akwai wani.”

Wallahi ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani, don duk cikinmu ba wanda bai tashi a gidan da ake wannan kunyar ba. Haruna ɗanta ne na fari. Ta gwammace a kira ta 'yar damfara a gaban tasha guda da ta kama sunansa ko ta ce nata ne. Isa ya cire hula ya sosa kai. Alhaji Ladan ya dubi ƙasa ya ce, “Tawa uwar ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba.” Ya sallami mutane.

Na kai ta wurin mai kunu na sa aka ba ta, sannan labarin ya fito guntu-guntu, tana yi tana cewa “wancan” maimakon sunan ɗan nata. Mijinta ya rasu, wancan ne ke riƙe da gona da ƙannensa. Mai ɗori ya ce kada a motsa shi sai ƙashi ya kama, in aka ɗauke shi da wuri ƙafar za ta kama a karkace, ya gama noma ke nan. Shi kuma ƙanin mijin ya ce ba shi da abin ciyar da majinyaci a garin mutane, ranar da abinci ya yanke zai ɗora shi kan babur su koma gida. Shi ya sa take tahowa da ƙafa, ta kwana gidan wata 'yar garinsu a Jega, ta roƙi abin da ta samu, ta auno gero, ta ƙarasa Aliero. Can ma ba ta shiga gidan. Bayan katanga take tsayawa ta aika a kira mata ƙanin mijin, ta miƙa masa, ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. In na ba ta kujera ta shiga, za ta isa Aliero hannu wofi. Kujerata ba ta da amfani gare ta.

Na ce, “To mi ya hana ki ce abincin majinyaci kika nema?”

Ta ce, “Sai a ce min wane majinyaci.”

Gaskiya raina ya sosu, kuma na ji haushi ƙwarai, don ƙafar wannan saurayi tana rataye ne a kan mudun gero. Amma ban karya dokata ba, har yau ban sa mata kuɗi a hannu ba. Abin da na iya shi na yi. Na shiga layin masu hatsi, mutanen da na shekara ina ɗaura wa kaya ba tare da buhunsu ya taɓa ɓata ba, na ce yau ni ke roƙo. Wannan ya zuba gero, wancan wake, mai kuka ya ƙulla kuka. Na ɗaure su buhu guda, na sa a motar Isa saitin taya, na ce ya sauke shi ƙofar mai ɗori ya damƙa wa ƙanin uban hannu da hannu, ya kuma gaya masa 'yan tashar Jega sun ce in ya ɗaga yaron nan kafin mai ɗori ya ba da izini, kada ya biyo ta tasharmu. Duk ranar kasuwa haka muka yi. Isa bai karɓi kuɗin kaya ba ko sau ɗaya. Ita kuma na ajiye mata kujera zuwa da dawowa daga kamashona, a shekarar da ni ma nake auna tuwon gidana. Ta riƙa shiga. Amma Isa ya ce min har aka gama, bayan katangar nan take tsayawa.

Mai jar hula ya ji labari, ya zo ya ce shi ma ɗansa na fari ya karye. Na ce Allah Ya sawwaƙe, ga motar Aliero nan, shiga in raka ka mu gaishe shi. Ya tuna yana da saƙo cikin kasuwa.

Ranar da mai ɗori ya sallami Haruna, damina ta fara sauka. Isa zai kawo su Jega, su canza zuwa motar Maiyama su koma gida, kuma ni ke lodinta. Tun hantsi matar ta iso, ta zauna can kusa da mai lemo kamar wadda ba ta jiran kowa. Na hana gidan gaba ga mutum biyu, har wani ɗan kasuwa ya ce zai ƙara min wani abu, na ce an riga an kama.

Motar Isa ta shigo. Ƙanin uban ya fara fitowa, sannan wani dogon saurayi ya sauko a hankali da sanda a hannu. Daga inda Isa ya tsaya zuwa motata akwai 'yar tazara, ga taɓo, ga kwata. Na ce kada wanda ya riƙe shi.

Sai na ji mutum a bayana. Ita ce. Ta juya wa filin tashar baya gaba ɗaya, tana kallon tayar mota.

Ta ce, “Malam Bawa.”

Na ce, “Na'am.”

Ta ce, “Shina ɗingishi?”

Na zuba masa idon nan da nake gane mota mai karkataccen gindi tun daga bakin ƙofa. Na dubi kafaɗunsa, na dubi ƙugunsa, na dubi sawun da yake bari cikin taɓo. Ya tsallake kwatar da ƙafar da ta karye.

Na ce, “Miƙe shike tahiya, 'yar'uwa. Sandar ma ado ta.”

Ta ce, “To.” Ta ja mayafin ta rufe fuskarta duka, kafaɗunta suna motsi.

Haruna ya iso ya gaishe ni, ya rusuna ya gai da ita daga nesa, ta amsa tana kallon wani wuri. Na sa shi gidan gaba, na ja kujerar baya don ya miƙe ƙafa. Ƙanin uban na sa shi tsakiya wajen ƙofa. Ita kuma na kai ta layin ƙarshe, kusurwar da ke bayan direba, na sa wata mai jego kusa da ita maimakon a gabanta, na sauke kwandon da ya tare tsakani na mai da shi sama. Duk motar nan wannan ce kujera ɗaya da mutum zai ga na gidan gaba sosai ba tare da kowa ya ga yana kallo ba.

Na buga bayan motar, direba ya ja. Ta taga na hango ta, ta ɗan sassauta mayafin. Har suka fita ƙofar tasha idonta yana kan ƙeyarsa.